Duwatsun Champa a Gidan Tarihin Birnin Da Nang

A bakin kogin Han, cikin birnin Da Nang da ke tsakiyar gaɓar tekun ƙasar Biyetnam, akwai wani tsohon gini mai launin ruwan ɗorawa, wanda dogayen otal-otal da wata babbar gada mai siffar dodo, da aka buɗe a shekarar 2013, suka danne shi har baƙo kan iya wucewa bai lura da shi ba. Wannan gini shi ne Gidan Adana Sassaƙar Cham, kuma babu wani wuri a duniya da ya tara ayyukan masassaƙan wannan al'umma kamarsa, domin yana riƙe da kayan tarihi kimanin dubu biyu, ɗaruruwa a baje, sauran kuma a ɗakunan ajiya. Mafi yawansu an sassaƙa su ne daga dutsen yashi, wato dutsen da ke samuwa idan yashi ya daɗe a danne har ya dunƙule ya yi tauri, kaɗan kuma na gasasshen yumɓu ne ko na tagulla, kuma galibi an yi su ne tsakanin ƙarni na 7 da na 15 na Miladiyya. Abin da ya kamata mai ziyara ya riƙe tun daga bakin ƙofa shi ne cewa babu dutsen da aka sassaƙa a cikinsu domin a girke shi a ɗaki ana kallo. Kowanne ɓangare ne na wani haikali, an ciro shi ne daga saman ƙofa ko kusurwar rufi ko tsakiyar ɗakin bauta, kuma wanda bai san inda dutse ya fito ba, rabin labarinsa kawai zai ji.

Cham al'umma ce da harshenta ke da dangantaka da Malayanci da harshen mutanen Aceh na ƙasar Indunusiya, ba shi da alaƙar asali da harshen Biyetnam, kuma wani rubutu da aka samu a kan dutse a Dong Yen Chau, wanda ake ɗora shi a kan ƙarni na 4, shi ne mafi tsufan rubutun da aka sani a duk cikin wannan babban dangin harsuna. Littattafan tarihin Sin sun ambaci wani tawaye da aka yi a shekarar 192 a kudancin daular Han, wanda ya haifar da wata ƙasa da Sinawa suka kira Linyi, kuma daga nan ne masana kan fara lissafin tarihin ƙasar da daga baya aka sani da Champa. Turawan da suka fara rubuta tarihinta sun ɗauke ta a matsayin daula guda mai sarki guda, amma masana na baya-bayan nan sun fi karkata ga cewa tarin masarautu ce, kowace a bakin koginta, tsaunuka sun raba ta da maƙwabciyarta, wani lokaci su haɗa kai ƙarƙashin sarki mai ƙarfi, wani lokaci kowa ya kama gabansa. Sunayen yankunan, kamar Amaravati da Vijaya da Kauthara da Panduranga, duka daga harshen Sanskrit na Indiya suke, domin sarakunan Cham sun karɓi addinin Hindu da na Buddha da rubutu da tsarin sarauta daga 'yan kasuwa da malaman da ke bin hanyar teku, ba tare da wata rundunar Indiya ta taɓa cin ƙasarsu da yaƙi ba.

Dukiyar da ta gina haikalan daga teku ta fito. Jiragen ruwan da ke zirga-zirga tsakanin Sin da Indiya da ƙasashen Larabawa sukan tsaya a tashoshin Champa su ɗebi ruwan sha, su sayi hauren giwa da ƙahon karkanda da bayi, amma abin da ya fi ɗaukaka sunan ƙasar shi ne itacen ud, wannan da har yau ake ƙonawa a matsayin turaren wuta mai tsada. Ud yana samuwa ne idan wata irin bishiya ta daji ta kamu da cuta, sai ta fitar da wani baƙin ƙaro mai ƙanshi a cikin jikinta. Mutanen kan tsaunuka ne ke shiga daji su nemo shi, sarakunan bakin teku kuma su sayar. Masu rubutu da Larabci na ƙarni na 9, irin su Ibn Khurradazbih, sun san ƙasar da sunan Sanf, kuma sun yabi ud ɗin da ke fitowa daga cikinta. Haka kuma wata irin shinkafa mai saurin nuna da jure fari, wadda sarkin Sin ya sa aka raba irinta ga manoma a shekarar 1012, daga Champa aka samo ta.

Tarihin gidan kansa ya fara ne da mulkin mallakar Faransa, lokacin da ake kiran Da Nang da suna Tourane. A farkon shekarun 1890 wani jami'in mulki mai suna Charles Lemire ya sa aka kwaso sassaƙaƙƙun duwatsu daga kufan haikalai aka jibge su a wani lambu da ke bakin kogi, inda suka yi shekaru rana na dukansu, ruwa na dukansu. Wanda ya dage a gina musu matsuguni shi ne Henri Parmentier, masanin gine-gine a cibiyar Faransa ta nazarin Gabas Mai Nisa da aka fi sani da EFEO, wanda ya gabatar da shawarar a shekarar 1902, amma ba a fara ginin ba sai 1915, aka buɗe shi ga jama'a a 1919. An faɗaɗa shi a tsakiyar shekarun 1930 domin ya ɗauki abubuwan da aka tono daga baya, aka kuma ƙara masa bene a baya a shekarar 2002. Parmentier ne ya auna haikalan Cham ɗaya bayan ɗaya ya zana su, kuma zanen nasa yana cikin 'yan shaidun da suka rage na kamannin wasu gine-ginen da yaƙi ya share daga baya.

Tsarin da aka bi wajen jera kayan yana da hikima, domin ɗakunan suna ɗauke ne da sunayen wuraren da aka samo duwatsun: My Son, Tra Kieu, Dong Duong, Thap Mam da sauransu. Tun da cibiyar mulki ta riƙa sauka daga arewa zuwa kudu a tsawon ƙarnoni, wanda ya bi ɗakunan a jere yana bin taswirar ƙasar ne da tarihinta a lokaci guda. Kafin ya shiga, yana da kyau ya san siffar haikalin Cham, wanda ake kira kalan. Hasumiya ce ta jan bulo mai kusurwa huɗu, mai ƙofa guda da galibi ke fuskantar gabas, rufinta hawa-hawa yana tsukewa zuwa sama domin ya kwaikwayi dutsen Meru, wanda a aƙidar Hindu shi ne tsakiyar duniya. Cikinta ɗan ƙaramin ɗaki ne mai duhu, ba na taron jama'a ba, limamin bauta da sarki ne ke shiga, kuma a tsakiyarsa ake kafa linga, wani dutse mai siffar ginshiƙi da ke wakiltar Shiva, ɗaya daga manyan allolin Hindu, a bisa wani faifan dutse mai makwarara da ake kira yoni, wanda ta nan ruwan da aka zuba wa linga ke gangarewa. Bulon an haɗa shi ne ba tare da wani kwaɓi da ido ke gani ba, har masana suka daɗe suna muhawara a kan dabarar, kuma ra'ayin da ya fi ƙarfi shi ne cewa an yi amfani da ƙaron wata bishiya ta yankin, bayan an goge fuskokin bulon sun yi sumul. Dutse ba shi ne jikin ginin ba, ado ne da kayan bauta, shi ya sa ya yi sauƙin cirewa.

Ɗakin My Son shi ya fi cancantar a daɗe a cikinsa. My Son wani kwari ne da tsaunuka suka kewaye, tafiyar sa'a guda da 'yan kai a mota daga Da Nang, inda sarki Bhadravarman ya kafa wurin bautar Shiva a wajen ƙarshen ƙarni na 4, sarakunan da suka biyo baya kuma suka yi ta ƙara gini har haikalan suka kai kimanin 70. Parmentier ya raba su rukuni-rukuni ya ba kowanne harafi da lamba, shi ya sa babban dakalin bautar da ke tsakiyar ɗakin ake kiransa My Son E1. An yi shi ne a wajen ƙarni na 7 zuwa na 8 daga tubalan dutse da aka jera suka kewaye gurbin linga, kuma abin mamaki a kansa shi ne cewa masassaƙin bai cika shi da alloli ko sarakuna ba. Abin da ya zana a cikin ƙananan tagogi shi ne rayuwar masu gudun duniya a daji: wannan yana busa sarewa, wancan yana karantar da almajiri, wani yana kwance ana yi masa tausa, wani yana zance da dabbobi. A jikin matakalar kuma akwai masu rawa da suka buɗe ƙafafu suka ɗaga hannuwa da gyale, kamar su ne ke tallafe da matakin da ke samansu. Babu wani littafi da ya rage da ke bayyana yadda malaman Cham na wancan zamani ke wuni, saboda haka waɗannan 'yan tagogi sun fi ƙarfin a kira su ado kawai. A kusa da dakalin akwai dutsen saman ƙofar wannan haikali, mai nuna Vishnu a kwance bisa maciji mai kawuna da yawa, furen bado ya tsiro daga cibiyarsa, Brahma na zaune a kai, wanda shi ne yadda masu wannan addini ke kwatanta farkon halitta.

Tra Kieu ita ce tsohuwar Simhapura, wato birnin zaki, wadda Jean-Yves Claeys ya tona a shekarun 1927 da 1928. Daga wannan yanki aka samo wani dakali mai gefe huɗu da aka zagaye da jerin mutane, wanda har yau masana ba su daidaita a kansa ba: wasu na ganin labarin auren Rama da Sita ne daga tatsuniyar Ramayana, wasu na cewa rayuwar Krishna ce, kuma a kan shekarunsa ma an saɓa, daga mai cewa ƙarni na 7 sai mai cewa na 10. Abin da ya fi shahara daga Tra Kieu shi ne 'yan matan nan masu rawa na ƙarni na 10, waɗanda ake kira apsara, wato 'yan rawar sama a aƙidar Hindu, jikinsu a lanƙwashe wuri uku, da murjani a wuya da ƙugu, da ɗan murmushi, makaɗa kuma na gefensu riƙe da abin kiɗa mai tsirkiya. Su ne hoton da ake bugawa a katunan tsaraba da bangon littattafai, kuma sun cancanci yabon, sai dai shahararsu ta sa baƙi da yawa na fita da zaton cewa taushi da fara'a su ne duk abin da fasahar Cham ta ƙunsa.

Ɗakin Dong Duong yana rushe wannan zato. A shekarar 875 sarki Indravarman na Biyu ya gina wani katafaren gidan sufaye na addinin Buddha a babban birninsa Indrapura, inda Dong Duong take a yau, kuma sassaƙar da ta fito daga wurin ba ta kama da ta Indiya, ba ta kama da ta kowa. Fuskokin suna da kaurin leɓe da faffaɗan hanci da gashin baki, girar ido biyu a haɗe kamar layi guda, adon da ke kewaye da su kuma wani curarren zane ne mai kama da tsutsotsi, wanda ya cika kowane gurbi. Masu gadin ƙofa, da ake kira dvarapala, suna tsaye sun zare idanu, jijiyoyin wuya a miƙe, kowanne ya take wata dabba. A nan ne aka fi ganin cewa Cham ba kwafar Indiya suka yi ba. Sun ari labaran da sunayen, amma fuskokin nasu ne. Daga wannan wuri ne kuma wasu manoma suka tono wani mutum-mutumin tagulla na mace a shekarar 1978, mai tsayin da ya ɗara mita guda kaɗan, mai ido na uku a goshi, wanda aka fi kira Tara, ko da yake wasu masana na ganin siffa ce ta Lokeshvara wanda aka gina wurin dominsa. Mutanen ƙauyen sun ɓalle abubuwa biyu da ke hannuwanta, furen bado da katantanwar teku, hukumar yankin ta riƙe su shekara da shekaru, ba a kai su gidan tarihin ba sai a watan Disamba na 2023. Mutum-mutumin Tara da dakalin My Son E1 da na Tra Kieu suna cikin rukunin farko na kayan da gwamnatin Biyetnam ta ayyana a matsayin taskar ƙasa a shekarar 2012.

Bayan sarkin Biyetnam Le Hoan ya ƙone Indrapura a shekarar 982, cibiyar mulki ta koma kudu zuwa Vijaya, kuma ƙarnonin da suka biyo baya na yaƙi ne kusan ba hutu. Cham sun kai wa Angkor, babban birnin maƙwabtansu Khmer, hari a 1177, Khmer suka rama har suka mallaki ƙasar daga 1203 zuwa 1220, rundunar Mongol ta sauka a 1283, sarki Che Bong Nga kuma ya shiga babban birnin Biyetnam fiye da sau ɗaya kafin a kashe shi a 1390. Sassaƙar wannan zamani, wadda Claeys ya tono a Thap Mam a 1934, manya ce masu nauyi, dabbobin almara sun fi mutane yawa a cikinta: Garuda mai jikin mutum da kan tsuntsu yana cizon maciji, da Gajasimha mai kan giwa da jikin zaki wanda ya haura mita biyu. Ƙwarewar hannu ta kai matuƙa, amma ado ya rinjayi rai, kuma tasirin Khmer a bayyane yake. A gindin dakalai da dama akwai jerin nonuwan mata da aka zagaye dutsen da su, abin da babu irinsa a fasahar maƙwabta, wanda masana ke dangantawa da girmama uwa a al'ummar da ke bin dangantaka ta wajen mace. A shekarar 1471 sarki Le Thanh Tong ya ci Vijaya, aka kashe dubun-dubatar mutane, aka kwashi wasu dubbai a matsayin fursunoni, kuma daga nan manyan gine-ginen dutse da bulo suka ja baya, ko da yake masarautar Panduranga ta kudu ta ci gaba har sarki Minh Mang ya shafe ta a 1832.

Tambayar da ba a iya kauce mata a irin wannan gida ita ce ko daidai ne a raba dutse da haikalinsa, musamman da yake masu mulkin mallaka ne suka yi hakan ba tare da sun nemi izinin jikokin masu shi ba, har wasu kyawawan kayan suka wuce gidan tarihin Guimet da ke Paris. Laifin yana nan, amma abin da ya faru daga baya ya sa hukuncin ya yi wuya. Dong Duong, wanda Parmentier da Charles Carpeaux suka tona a 1902, yaƙe-yaƙen ƙarni na 20 sun mayar da shi fili, ɗan guntun ƙofa kawai ya rage a tsaye. A watan Agusta na 1969 jiragen yaƙin Amurka suka yi ruwan bama-bamai a kwarin My Son, inda mayaƙan kwaminisanci suka fake, suka rushe haikalai da dama, ciki har da hasumiyar A1 wadda ake ɗauka ita ce ƙololuwar ginin Cham, har Philippe Stern na gidan Guimet ya rubuta wa shugaba Nixon yana roƙon a daina. Abin da aka bari a wurinsa da yawa ya hallaka ko ɓarayi sun sace, kamar wani mutum-mutumin tagulla na Durga da ya bi ta hannun wani dillalin kayan tarihi mai suna Douglas Latchford, wanda sai a 2023 aka miƙa shi ga Biyetnam a Landan. Abin da aka kai Da Nang shi ya tsira. Sai dai ceton ma bai zo da sauƙi ba, domin masu ginin farko sun manne duwatsu da yawa a bango da siminti da ƙarfe, ga tagogi a buɗe iskar teku mai gishiri na shigowa, har a farkon wannan ƙarni ma'aikatan gidan tare da ƙwararru daga Faransa suka ɗauki shekaru suna ɓamɓare simintin a hankali. Shi ya sa ziyarar ba ta cika sai an haɗa ta da zuwa My Son, wanda UNESCO ta sanya cikin wuraren gadon duniya a 1999, domin a can ne ake ganin guraben da duwatsun suka bari.

Akwai kuma wani kuskure da ɗakunan ƙasa kan jefa baƙo a ciki, wato ya zaci Cham al'umma ce da ta ƙare tare da daularta. Ƙidayar Biyetnam ta 2019 ta samu 'yan Cham kimanin 179,000, a Kambodiya kuma sun fi haka yawa duk da kisan da gwamnatin Khmer Rouge ta yi musu tsakanin 1975 da 1979. Mafi yawan Cham na yau Musulmi ne, domin Musulunci ya bazu a cikinsu ta hanyar cuɗanya da 'yan kasuwar Malay, musamman bayan faɗuwar Vijaya. Na Kambodiya da na yankin An Giang galibi 'yan Sunna ne masu bin mazhabar Shafi'iyya, amma a yankunan Ninh Thuan da Binh Thuan al'ummar ta kasu biyu: akwai Balamon, masu riƙe da tsohon addinin da ya samo asali daga Hindu, akwai kuma Bani, waɗanda suka gauraya Musulunci da al'adun kakanni, har suna da nasu watan ibada da suke kira Ramuwan. Duka waɗannan ɓangarori biyu suna bin dangantaka ta wajen uwa, miji ne ke tarewa a gidan matarsa, kuma auta mace ce ke gadon gida.

Gidan tarihin ya ware wani sashe a bene domin waɗannan mutane, inda aka baje tufafinsu da rubutunsu da kayan kiɗan bikin Kate, wanda 'yan Balamon ke yi kowace shekara a wajen watan Oktoba a hasumiyar Po Klaung Garai da ke Phan Rang, ciki har da ganguna da wani abin busa mai suna saranai wanda duk wanda ya san algaita zai gane shi. Akwai kuma tukwanen ƙauyen Bau Truc, waɗanda mata ke ginawa ba da injin juyi ba, maginiyar ce ke zagaya tukunyar da baya-da-baya, sannan a gasa su a fili da itace da ƙaiƙayi. A shekarar 2022 UNESCO ta sanya wannan sana'a cikin jerin al'adun da ke buƙatar ceto na gaggawa, saboda masu yin ta na raguwa, kuma samun yumɓun da ya dace na ƙara wahala. Sashen ƙarami ne idan aka gwada shi da ɗakunan duwatsu, kuma ayarin 'yan yawon buɗe ido da dama ba sa hawa benen.